Tafiya ko zama: yadda Kiristocin Minna ke neman nufin Allah kafin yanke shawara

Takardar canjin wurin aiki ba ta cika wuce shafi ɗaya ba. Sunan ma'aikaci ne da lambarsa, da sabon wurin da aka tura shi, da ranar da ake so ya kama aiki. Amma duk gidan da ta sauka takan tayar da tambayoyin da suka fi ta tsawo: a kwashi iyali ne ko a bar su, a cire yara daga makaranta a tsakiyar zango ko a jira, a bi manya a nemi alfarma a soke canjin ko a ɗauki jaka a tafi. Minna ta san irin wannan takarda sarai. Hedikwatar hukumar shirya jarrabawa ta NECO tana garin, ga Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ta fara aiki a 1983 da harabarta biyu a Bosso da Gidan Kwano, ga sakatariyar tarayya, ga kuma tarin ma'aikatan da iyalansu ke Tunga ko Maitumbi ko Chanchaga alhali teburinsu na Abuja, suna bin hanyar Suleja ranar Litinin da asuba su dawo Juma'a da dare.

A gidan Kirista, kafin a gama lissafin kuɗin haya da na mota, wani zai ce a sa abin a addu'a. Hausar coci tana da kalmominta a nan: neman nufin Allah, neman bishewar Ubangiji, jiran Allah. Maƙwabci Musulmi ba zai ji abin baƙo ba, domin shi ma yana da istihara, raka'a biyu da addu'ar neman zaɓin Allah, tare da umarnin yin shawara. Bambancin shi ne Kirista ba shi da tsayayyen lafazi ko tsari guda da kowa ya yarda da shi. Saboda haka amsar tambayar yaya mutum zai san Allah ya yi magana takan danganta da cocin da ya shiga ranar Lahadi.

A ECWA da Baptis da Angalika, tsohuwar koyarwa ta fi jingina ga Littafi Mai Tsarki da addu'a, sannan a kai maganar gaban fasto ko dattawan ikilisiya, mace kuma sau da yawa takan fara da shugabannin Zumuntar Mata. A cocin Katolika, wanda babbar majami'arsa ta Waliyyi Mika'ilu ke Minna, wanda kuma aka naɗa Martin Igwe Uzoukwu bishop ɗinsa na Minna a 1996, ana ɗaukar al'amarin a matsayin aikin bambancewa da ake yi a hankali tare da wani jagora na ruhaniya. Majami'un Fentikos kuwa sun fi ƙarfafa jin muryar Ruhu Mai Tsarki kai tsaye, ta mafarki ko wahayi ko kalmar annabci, shi ya sa daren 31 ga Disamba da azumin farkon shekara, wanda wasu kan yi har kwana 21, suke da nauyi sosai a wurinsu. A zahiri iyakokin sun cakuɗa. Ba abin mamaki ba ne a ga dattijon ECWA a addu'ar dare ta wata majami'ar Fentikos, matarsa kuma tana da littafin ibadar kullum na wata ta uku.

Hadimin sarki da ya jira wata huɗu

Idan ana neman mutumin da ya fi kama da mai taimaka wa minista ko babban sakatare a cikin Littafi Mai Tsarki, Nehemiya ne. Mai shayar da sarkin Farisa ne, aikin da ba a ba wanda ba a amince da shi ba, tunda ta hannunsa abin sha ke isa bakin sarki. Labari ya iske shi a fada cewa garun Urushalima a rushe yake. Ya yi kuka, ya yi azumi, ya yi addu'a, amma bai tunkari maigidansa washegari ba. Littafin ya ambaci watan da labarin ya zo da watan da ya buɗe baki, tsakaninsu kuwa kimanin wata huɗu ne. Abin da ya fi jan hankali shi ne yadda ya shigo da shirinsa a hannu ranar da damar ta samu. Da sarki ya tambaye shi tsawon lokacin da zai yi, yana da amsa. Ya roƙi wasiƙu zuwa ga gwamnonin da zai ratsa ƙasarsu, ya roƙi wata zuwa ga mai kula da dajin sarki domin katako. Wato a cikin watannin nan huɗu addu'a da lissafi tare suka yi ta tafiya, kuma ba a ambaci wata murya daga sama da ta ce masa ya tashi ba.

Akwai kishiyar wannan labari a littafin Joshuwa, wanda ya kamata duk mai sa hannu a takardar gwamnati ya san shi. Mutanen Gibeyon, da suke nan kusa, sun zo da tsofaffin takalma da busasshiyar gurasa suna cewa daga nesa suka fito, suna neman yarjejeniyar zaman lafiya. Shugabannin Isra'ila suka duba guzurin, suka gamsu, suka rantse, ba tare da sun nemi shawarar Ubangiji ba. Bayan kwana uku gaskiya ta fito, amma rantsuwa ta riga ta ɗaure su. Masu wa'azi kan tsaya a kan rashin addu'ar, kuma da gaskiyarsu. Sai dai ma'aikacin da ya taɓa ganin fayil ɗin da aka kawo da yammacin Juma'a ana cewa maigida na jira zai lura da wani abu kuma: kayan shaidar duka daga hannun masu neman sa hannun suka fito, kuma kwana uku kacal na jinkiri ya isa ya tona asirin.

A nan ne koyarwar tsofaffin majami'u take da kaifi. Sun raba shawarwari gida biyu. Akwai abin da Littafi ya riga ya yanke, kamar cin hanci da shaidar zur da danne haƙƙin ma'aikaci, wanda ba a yin azumi domin jin ko Allah ya sauya ra'ayi a kansa. Akwai kuma abin da aka bar wa hikimar mutum: wane aiki, wane gari, wace mata, yaushe za a ajiye aiki. Mafi yawan ruɗani yakan taso ne idan aka ɗauki na gidan farko aka kai shi na biyu, mutum ya ce yana jiran bishewa a kan kwangilar da ya san an kumbura kuɗinta.

Kabarin da ke Bida

Tarihin ECWA a wannan yanki da irin wannan shawara ya fara, kuma farkonsa ba daɗi. A Disamban 1893 samari uku suka sauka a Legas, Walter Gowans da Rowland Bingham daga Kanada da Thomas Kent daga Amurka, da tabbacin cewa Allah ne ya kira su zuwa ƙasashen da ake kira Sudan a wancan zamani. Babu wata babbar ƙungiyar mishan da ta ɗauki nauyinsu, kuma waɗanda suka riga su zama a Legas sun gargaɗe su cewa ba za su kai labari ba. Zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da Bingham, ya tsaya a baya. Kafin 1894 ta ƙare Gowans ya rasu a Girku, Kent kuma ya rasu a Bida, a cikin Jihar Neja ta yau. Bingham ya koma gida shi kaɗai da raunanniyar bangaskiya. Ya sake gwadawa a 1900, zazzaɓi ya sake kora shi. Sai tawaga ta uku ce ta kafa tasha a Patigi a 1902, aka buɗe Wushishi a 1904, daga baya Paiko da Minna suka biyo. Daga wannan aiki na SIM ne cocin ECWA ya fito a 1954.

Wanda ya tsaya a 1895 ya duba, zai ce yaran nan sun yi kuskuren jin kira. Wanda ya shiga majami'ar ECWA a Minna yau ya ga ta cika, zai ce ashe sun ji daidai. Duka biyun da sakamako suke auna bishewa, ma'aunin da ba ya samuwa sai bayan an riga an yanke shawara. Akwai kuma abubuwan da suka canja tsakanin tafiyar farko da ta uku waɗanda labarin da ake bayarwa a kan bagade ba ya cika ambata. A 1897 Ronald Ross ya tabbatar da cewa sauro ne ke yaɗa zazzaɓin, shan kwinin ya zama ƙa'ida ga masu zuwa, kuma a wannan shekarar sojojin Kamfanin Neja suka ci Bida da yaƙi. Ƙofar da aka ce ta buɗu, magani da ikon Turawan mulki suna cikin abin da ya buɗe ta. Bingham kansa daga baya ya yi rubutu yana sukar koyarwar da ke ɗaukar ƙin magani a matsayin alamar bangaskiya.

Cikin waɗanda suka biyo baya akwai Andrew Stirrett, mai shagunan sayar da magani a Toronto, wanda ya sallama dukiyarsa ya taho a 1902. Ya zauna a Wushishi, ya kasance cikin masu aikin fassarar Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932, ya rasu a Najeriya a 1948. Littafin da ake buɗewa yau a Kpakungu ko Maikunkele domin neman amsa, ta hannun mutanen da su ma suka yi fama da wannan tambaya ya iso.

Inda annabci ke karo da takardar asibiti

Babu fagen da ake yawan cewa Allah ya gaya mini kamar na aure. Saurayi zai tari budurwa bayan sujada ya ce ya gani a mafarki ita ce matarsa, ita kuma ta rasa yadda za ta musa wa Allah. Dattawan da suka ga jiya suna da amsa mai sauƙi: in Allah ya gaya maka, zai iya gaya mata ita ma, ka jira. Daga nan sai matakan coci su biyo. Akwai kwamitin aure, akwai darussan shiri na makonni ko watanni, akwai sanarwa a gaban jama'a Lahadi uku a jere domin mai ƙorafi ya fito. Sannan akwai gwajin jini, wanda majami'u da yawa suka mayar sharaɗi kafin ɗaurin aure.

Gwajin nan shi ne ya fi gwada bangaskiyar masoya. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan jariran da ake haifa da cutar sikila, kimanin 150,000 a shekara bisa ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya. Idan namiji da mace duka rukunin AS ne, kowane ciki yana da haɗarin ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS. Kowane ciki, ba wai ɗa ɗaya cikin huɗu ba. Ana iya haifar uku a jere da cutar, ana iya haifar biyar babu ko ɗaya. A nan ne za ka ji masoya na cewa sun yi azumi sun sami salama, wani ma ya ce an yi masa addu'a rukunin jininsa ya sauya. Faston da ya san aikinsa yakan tura su wani asibitin a sake gwaji, ya kuma sa su zauna da iyayen da ke jinyar yaro mai sikila su ji abin da dare ɗaya na ciwon ke nufi. Wasu majami'u kan ƙi ɗaura auren baki ɗaya, wasu kan bar wa masoyan zaɓi bayan an tabbatar sun fahimta. Ko ta wace hanya, cocin yana cewa ne salamar da mutum ya ji a zuciyarsa shaida ce guda, ba ita kaɗai ce a gaban alƙali ba.

Sana'ar annabci kuwa ta bunƙasa a kan gajiyar mutane da jira. Ma'aikacin da ya rubuta jarrabawar ƙarin girma sau biyu ba labari, ko darakta da wa'adin shekara takwas ke tunkarowa, ko wanda shekara 35 ta aiki ko 60 ta haihuwa ta ƙarato bai gama ginin gida ba, abinci ne mai sauƙi ga wanda zai ce ya ga wani a ofis ya binne sunansa, a kawo sadakar iri a tone. Illar ba a aljihu kaɗai take tsayawa ba. Mutum zai koma ofis yana kallon abokin aikinsa na shekara goma a matsayin maye. Abin ban mamaki shi ne Littafin da ake riƙewa ana wannan ciniki shi ne ya fi kowa tsanantawa a kan masu yinsa. Maimaitawar Shari'a ta ce annabin da maganarsa ba ta cika ba kada a ji tsoronsa. Bulus ya umarci Korintiyawa cewa idan wani ya yi annabci sauran su auna abin da ya faɗa, Yahaya kuma ya ce a gwada ruhohi. Wanda ya ajiye annabce-annabcen da aka yi kafin zaɓen 2023 ya sake karanta su bayan an rantsar, ya sami darasi kyauta.

Masu neman alama sukan kafa hujja da Gidiyon, wanda ya shimfiɗa ulu a masussuka ya roƙi raɓa ta jiƙa shi ƙasa ta bushe, washegari kuma ya roƙi akasin haka. Sai dai an riga an gaya wa Gidiyon abin da zai yi tun kafin ulun. Tsoro ne ya sa shi neman ƙarin tabbaci. Manzanni ma sun jefa ƙuri'a sau ɗaya, wajen zaɓen Matiyas, daga nan Sabon Alkawari bai sake ambatar ta a matsayin hanyar yanke shawara ba. Da babbar gardama ta taso kan al'ummai masu shiga bangaskiya, taro aka kira a Urushalima, aka yi muhawara mai tsawo, aka saurari rahoto, aka rubuta wasiƙa. Shawara ɗaukar ɗaki, in ji Bahaushe.

Katolika suna da tsari rubutacce da ya kai shekara ɗari biyar. Ignatiyus na Loyola, sojan Sifaniya da harsashin igwa ya karya wa ƙafa a Pamplona a 1521, ya lura a gadon jinya cewa wasu tunane-tunane kan faranta masa rai na ɗan lokaci su bar shi a bushe, wasu kuma daɗinsu kan daɗe. Daga nan ya tsara littafinsa na atisayen ruhaniya da Fafaroma ya amince da shi a 1548. Cikin shawarwarinsa akwai cewa kada mutum ya sauya abin da ya riga ya ƙudura a lokacin da zuciyarsa ke cikin duhu da ƙunci. Ma'aikacin da maigida ya ci wa mutunci a gaban jama'a da safe, ba ranar ce ta rubuta takardar ajiye aiki ba. Ya kuma ce mutum ya ɗauka wani baƙo ne ya kawo masa wannan matsala, me zai ce masa, sannan ya bi shawarar da kansa. Ya kuma tambayi kansa wane zaɓi ne zai so a ce ya yi idan yana kan gadon mutuwa. Haka nan mai jin kiran zama fada ba a naɗa shi a kan jin da ya yi. Yakan shafe shekara takwas ko fiye a makarantar horo, masu kula da shi na da ikon cewa bai dace ba.

Kafin-Koro

Duk wannan yana da sauƙin faɗa idan abin da ke kan sikeli albashi ne. A ƙananan hukumomin Shiroro da Munya da Rafi da Paikoro, rai ne a kai. A Afrilun 2021 gwamnan jihar na lokacin, Abubakar Sani Bello, ya shaida wa duniya cewa 'yan Boko Haram sun kafa tuta a Kaure, yana magana ne a Minna a gaban mutanen da suka gudo daga ƙauyukansu. A Janairun wannan shekarar an kashe Fada John Gbakaan na diyosis ɗin Minna bayan an sace shi a hanyar Lambata zuwa Lapai.

Fada Isaac Achi shi ne limamin cocin Waliyyiya Teresa da ke Madalla ranar Kirsimetin 2011, lokacin da bom ya tashi a ƙofar cocin ana fitowa daga sujada ya hallaka gomman mutane. Ya tsira, ya binne mutanensa. A 2013 aka sace shi, aka kuɓutar da shi. Daga baya aikinsa ya koma cocin Waliyyai Bitrus da Bulus a Kafin-Koro, ƙasar haihuwarsa, a yankin da kowa ya san 'yan bindiga na kai da kawo. Kafin wayewar garin Lahadi 15 ga Janairu, 2023, mahara suka kewaye gidan limaman suka cinna masa wuta. Fada Achi ya mutu a ciki. Mataimakinsa, Fada Collins Omeh, ya fita da raunin harsashi ya rayu. An yi jana'izar marigayin a Minna bayan 'yan kwanaki.

Fada ba ya zaɓar wurin aikinsa. Ranar naɗi yakan sa hannuwansa cikin na bishop ya yi alkawarin biyayya, kuma a fahimtar cocinsa takardar turawa tana cikin hanyoyin da nufin Allah ke iso masa. Ma'aikacin gwamnati da ya amince tun ranar ɗauka cewa za a iya tura shi ko'ina a tarayya zai gane nauyin wannan. Amma a gida ɗaya, a dare ɗaya, ɗaya ya mutu ɗaya ya tsira, kuma babu malamin kirki da zai ce na biyun ya fi na farkon jin muryar Allah.

Littafi Mai Tsarki bai ba da doka guda a kan gudu ko tsayawa ba. Yesu ya gaya wa almajiransa cewa idan an tsananta musu a wani gari su gudu zuwa wani. Yusufu ya ɗauki Maryamu da jariri cikin dare zuwa Masar. Bulus ya bar Dimashƙu a cikin kwando da aka zura ta garu. Shi dai wannan Bulus ɗin, shekaru bayan haka, annabi Agabas ya ɗaure hannuwansa da ƙafafunsa da ɗamarar Bulus ya nuna masa abin da ke jiransa a Urushalima, abokan tafiyarsa suka yi ta roƙonsa da kuka kada ya je, ya ƙi. Annabcin gaskiya ne, an kuwa kama shi. Abin da abokansa suka karanta a matsayin hani, shi ya karanta shi a matsayin a shirya.

Wannan ita ce tambayar da ke dawowa kowace shekara idan hadarin farko ya taso, ga iyalan da ke zaune a Kuta da Gwada da Sarkin Pawa ko a ɗakunan 'yan uwa a gefen Minna. Doya ba ta jiran tsaro ya inganta. In ba a yi kunya an dasa a kan kari ba, shekarar ta tafi. Sukan taru a majami'a su yi addu'a, su tambayi waɗanda suka leƙa ƙauyen a makon, su ji abin da 'yan banga suka gani a bakin daji. Galibi maza ne ke komawa gona su kwana biyu ko uku, mata da yara su zauna a gari. Ɗan da ke aiki a Abuja kuma, wanda kuɗin iri da na taki daga albashinsa za su fito, shi ake kira a waya daren da za a yanke, a tambaye shi ko baba ya tafi.